Furen Kunyar Tasalla

A shekarar da Bature ya zo Safana ya sa aka haƙa ramuka don binne 'ya'yan fara, gero bai kai rumbu ba a ƙauyen Babban Duhu. Fara ta gama da shi tun yana tsaye. Abin da ya rage wa Tasalla, tsohuwa mai jikoki marayu a ɗaka, kunyoyin dankali ne a bakin fadama, waɗanda ta dasa da yaɗon da ta ɗauko a ka daga Karare. Su ma fara ta aske musu ganye, suka sake tohowa. Ko sun yi 'ya'ya a ƙasa, Allah kaɗai ya sani, don tsoro ya hana ta tonawa.

To, dankali ba kasafai yake fure ba. Nata kuwa sai ya tashi wata safiya ya buɗe furanni kamar bakin kakaki, fari-fari, cikinsu shunayya. Daidai lokacin Maude, ƙanin mijinta marigayi, ya biyo da shanunsa.

Maude ya ci dankali ya fi a ƙirga, amma a kasuwa ya san shi, dafaffe a faranti. Abin da ya sani a daji shi ne duman rafi, ciyawar nan mai yaɗo da ta kashe masa karsana bara, kuma furenta kusan haka yake. Mutumin nan ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Yaya Tasalla, mi kika shuka nan? Guba a bakin mashayar shanu!"

"Dankali ne, Maude. Dubi ganyen mana."

"Ganye mi? Furen ga ya ishe ni shaida. Wallahi yau sai na tuge shi kaf!"

Tasalla ta san taurin kansa, kuma abincin yaran ke nan. Ta roƙe shi da Allah da Annabi. Ina! Ya naɗe hannun riga, ya kama gindin yaɗo ya finciko da ƙarfin da ake kayar da bijimi. Ƙasa mai laushi ta sake shi, ya zauna daɓas cikin taɓo.

A hannunsa ga dankali jajaye suna lilo, manya-manya, har da wanda ya kai damtsensa.

Tasalla ta yi ta kallonsu. Hawaye suka zubo mata, dariya kuma ta ƙwace mata, wallahi ni ban san wanda ya riga wani ba.

"Wagga guba taka ta yi ƙiba, Maude," in ji ta. "Tun da ka yi rantsuwa, ƙarasa kunyar. Bayana ke ciwo."

Ya kuwa ƙarasa, yana ƙunƙuni, shanunsa na cin ganyen a bayansa lafiya lau. Da azahar jikokin Tasalla suka ci suka ƙoshi, shi ma ya ci. Da zai tafi ya tsinki yaɗo ɗaya ya cusa a aljihu, yana tsammanin ba ta gani ba.

"A kwance ake binne shi," in ji Tasalla, "ka bar kan a waje."