Kundin da Ba a Buga wa Hatimi Ba

Saura kwana biyu Latifa ta kare kundin digirinta na uku gaban masu jarrabawa a Manchester, Dokta Halliru ya matsa mata ta zo Birmingham su ga baje kolin tarihin dokokin ƙasar Hungary a wani gidan tarihi. Aminin mahaifinta ne, shi ya nema mata gurbin karatu, kuma a kan wata maƙalarsa ta gina babi na huɗu na kundinta.

A ɗaki na biyu ta tsaya gaban wani akwatin gilashi. A ciki akwai tsohon littafi a buɗe, kundin dokokin gargajiya na shekarar 1514. Ta karanta bayanin da ke jikin bango sau biyu. Majalisa ta amince da kundin, sarki ma ya yarda, amma ba a taɓa buga masa hatimi an zartar da shi ba. Haka alƙalai suka yi ta aiki da shi shekaru ɗaruruwa.

Maƙalar Dokta Halliru cewa ta yi an zartar. Babinta ma haka ya ce, shafi talatin da ɗaya duk a kan wannan suka tsaya. Ba ta bincika ba. Gani ta yi rashin kunya ne ta bi diddigin maganar mutumin da ya halarci sunanta.

"Latifa, kin kafe a nan," in ji shi daga bayanta. "Ko mijin aure kika gani a ciki?"

"Baffa, ko za ka duba mini wannan? Rubutun ya yi mini ƙanƙanta."

Ya sa tabarau ya karanta. Sannan ya ɗago.

"Wane ne external ɗinki, mai jarrabawar da zai zo daga waje?"

"Wata farfesa ce 'yar Hungary, daga Budapest."

"Masu museum ma suna kuskure," ya ce a hankali. "Ki bar shi yadda yake. Ba lallai ta tambaya ba."

Latifa ta fito da waya, ta ɗauki hoton bayanin.

"Baffa, ka yi haƙuri. Ranar Litinin ni zan fara faɗa wa masu jarrabawar, kafin su tambaya."

"Har da sunana?"

"Yana cikin footnote, a ƙasan shafi."

Ya cire tabarau, ya ninke, ya mayar aljihu.

"Ki bi jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu," ya ce. "Kina da aiki."

Ya wuce ɗaki na uku, bai jira ta ba.