Ranar da Jalo Ya Ƙirga Garke

Tunda Jalo ya dawo daga Legas ya kasa zama wuri ɗaya. In aka shimfiɗa masa tabarma a ruga, kafin a gama dama fura ya miƙe. Ya hau babur ya shiga Illela, ya zauna wurin mai shayi yana kallon manyan motocin da ke jiran ƙetarawa Ƙonni, shayin bai huce ba ya sake tashi. Mahaifiyarsa, Inna Fati, ta ce ko ƙaiƙayi ya kwaso musu a can.

Shekarun da ya yi a Legas, a kasuwar shanu ya yi su. Tirela ta iso daga Arewa, ya tsaya bakin ƙofarta yana ƙirga kawuna suna saukowa. Ya iya aikin har dillalai na rububinsa. Sai dai ya gaji da raka shanu mahauta, ya tattara ya dawo rugarsu da ke bayan Amarawa.

Yanzu damina ta kawo kai, manoma sun fara sharar gona, dole garke ya tashi ya yi arewa inda babu shuka. Mahaifinsa, Attahiru, gwiwa ta zaunar da shi. To, wa zai ja garken? Ko Jalo, ko Hamidu ɗan baffansa, wanda ya riƙe kiwon duk tsawon rashinsa. In aka ba Hamidu, Jalo ya san zaman da ke jiransa, shi da tsofaffi da kaji. Ya kuma san ba zai jure ba, Legas zai koma, ga shi ko sunanta ba ya son ji.

Da ya yi wa tsohon maganar, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "Gobe hita da su kai ɗai. Mu gani."

Da safe shanu na fita, Jalo ya ƙirga su a ransa. Ya fa san Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa, tun yana ƙarami aka gaya masa ƙirge na kore albarka. Makiyayi kallon garke yake yi ya san wadda babu, kamar yadda uwa ke kallon 'ya'yanta a bakin akushi. Amma hannu ya riga ya saba, kuma wa ya gani?

Ya yi da su wajen Lafani. Yinin ya yi masa tsawo. Ya zauna, ya tashi, ya ciro waya ya mayar. A bakin tafki suka cakuɗu da wani garke, ya sha wuya kafin ya raba su, sannan ya koro nasa gida rana na shirin faɗuwa.

Attahiru na zaune kan buzu. Hamidu ya gama ɗaure maruƙa a igiya, yana jiran tatsa. Jalo ya tsaya bakin shinge, shanu na shiga, yatsansa na motsi a gefen riga. Lissafin safe ya fito daidai. Daɗi ya kama shi har ya kasa riƙe bakinsa.

"Baba, sun cika cif!"

Tsohon ya dube shi. "Mi kaka yi da yatsa?"

Sannan tsohon ya nuna gefen garke da haɓa.

"Waccan mai tsaga biyu ga kunne, ta wa ta?"

Jalo ya juya. Wata baƙuwar saniya ce tsaye a gefe, 'yan garke na tunkuɗe ta. Tun daga tafki ta biyo su, ita ta cika masa lissafi. Sai a lokacin kunnensa ya ɗauki kukan da kowa ya daɗe yana ji. Duk maruƙan sun sami iyayensu, ban da ɗaya a ƙarshen igiya, yana ja yana kuka.

"Wacce ab babu?" in ji Attahiru.

Jalo ya bi garken da ido, ya sake bi. Wallahi bai sani ba. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage.

Tsohon ya ce a hankali, "Taka ta. Jikar karsanar da nib ba ka ranar sunanka."

Jalo bai jira ƙarshen maganar ba, ya zura a guje ta hanyar da ya biyo. Ƙaya ta kama masa riga, bai tsaya ba. Da ya hau tudun da ake hango tafki, ya tara hannuwa a baki zai kira ta. Nan ya tsaya baki buɗe. Bayan tafiyarsa Legas aka haife ta, kuma tunda ya dawo bai taɓa tambayar sunanta ba.

Daga bayansa, can bakin ruga, Hamidu ya ɗaga murya sau ɗaya.

"Wule!"

Daga cikin sabara, nesa kaɗan da inda Jalo ke tsaye, saniyar ta amsa.