Ruwan da Bai Kai Lambu Ba

A wurin aiki Injiniya ake ce mata, mahaifinta kuwa Uwata yake kiranta. Da lambu ya raine ta. Lambun yana gangaren birni, inda magudana take wucewa da ruwan da gidaje suka gama amfani da shi, bayan an ɗan tace shi sama-sama. Ruwan ba shi da kyan gani, idan rana ta take kuma har ɗan tashi yake yi, amma Baba yakan ce latas da albasa ba su taɓa kawo masa ƙara ba.

Da damina ta yi ta saɓa alkawari, madatsar ruwan birnin ta ja baya har tsofaffin kututture suka fito. Famfo ya koma tari, ko ɗigo babu. A babban asibiti sai da aka rufe ɗakin haihuwa. Nan hukumar ruwa ta yanke shawarar gina matatar da za ta kama duk ruwan magudana, ta wanke shi tas, ta mayar da shi madatsa. Injiniya aka ba ragamar aikin.

Tun ranar farko ta san magudanar gangare za ta ƙafe. Shi ya sa ta saka bututu ɗaya a zanen aikin, wanda zai kai wa 'yan lambu rabonsu. Ta je ta sami Baba yana cirar ciyawa, ta tsuguna kusa da shi ta yi masa bayani.

“Wato ruwan wankinmu za mu sha?” Ya yi dariya har da riƙe ciki. “To Allah ya sa ki wanke shi da sabulu.”

“Baba, sai ya fi na rijiya tsabta. Naku kuma yana nan tafe ta bututu.”

“Kin ce yana tafe?”

“Yana tafe, Baba.”

A lokacin an yi wa 'yan lambun tayin wasu filaye a bakin kogi, nesa da birni. Da yawa sun fara ɗaure kaya. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, “Ina za ku? 'Yata ce ke aikin nan, da bakinta ta gaya mini.” Suka zauna. Shi kuwa har sababbin dashen lemo ya jera a gefen lambu.

Ana tsakiyar gini aka kira taro. Shugaban hukuma ya ce ruwan da matatar za ta fitar da ƙyar zai ishi gidaje da asibitoci, don haka a cire bututun gangare. Ta yi magana sau ɗaya. Ya tambaye ta wace unguwa za a yanke wa ruwa don a shayar da albasa. Ta duba fuskokin da ke kewaye da teburin, ta naɗe zanenta.

Ta yi niyyar zuwa wurin Baba a ranar. Sai ta ce bari ta sake gwada shugaban tukuna. Mako ya bi mako. Duk sanda Baba ya kira, sai ta ce aiki ya yi mata yawa. Maigidanta ya ce mata, “Ki je ki faɗa masa, tsohon nan ba yaro ba ne.” Ta ce gobe.

Ranar da aka buɗe matatar, ta cika kofi a gaban jama'a ta shanye. Aka yi tafi. Cikin 'yan kwanaki famfunan birni suka dawo, mata suna tara bokitai suna tsokanar juna, wai kowa ya gane ruwan gidansu.

Sai bayan haka ta gangara. Magudanar ta tsage, ƙasanta ya yi fari. Ganyen lemon ya nannaɗe. Baba yana zaune kan juyayyen bokiti, ya ɗaga kai ya dube ta.

“Uwata, bututun fa?”

Ta faɗa masa komai a tsaye, ta kasa zama. Ya daɗe yana murza busasshiyar ƙasa a tafin hannunsa.

“Ruwan da kika kai asibiti ban ce kin yi laifi ba,” ya ce. “Da ni ne ma haka zan yi. Amma da kin gaya mini da wuri, da ban tare mutane ba. An riga an raba filayen kogin.”

Kafin shekara ta zagayo gangaren ya watse. Wasu suka koma dako a kasuwa, wasu gadi. Maƙwabcin da suka yi shekaru suna aron fartanyar juna ya daina amsa sallamar Baba. Yayan Injiniya ya zo da mota ya ɗauki Baba zuwa gidansa.

Injiniya ba ta bar maganar ba. Ta yi ta hawa da sauka a ofisoshi har aka ƙara wa matatar girma, aka amince da bututun. Da ta kai ma'aikata su auna hanya, sai ta tarar masu buga bulo sun cika gangaren, yashi tsibi-tsibi a inda kunyoyi suke. Shugaban ma'aikatan ya tambaye ta inda za su kafa bakin bututun. Ta ce su ba ta minti ɗaya, ta koma mota ta rufe ƙofa.