Kwalba Ɗaya a Teburin Sulhu

Shekara shida na yi a Janeba ina karanta yadda ake sulhunta ƙasashe. Da na dawo Seoul, ma'aikatarmu ta ba ni aikin jera kujeru.

Zaman sulhun bana da maƙwabciyarmu, ƙasar Arewa, kan madatsar ruwa ne. Arewa kan buɗe ta ba sanarwa, ruwa ya gangaro Kudu. Sau biyu yana cinye gonar shinkafar babana. Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba: su buga waya kafin su buɗe.

Na auna komai. Ƙofa biyu, tuta biyu tsawo ɗaya, alƙalami biyu. Na manta da kwalbar giya a abincin rana: guda ɗaya ce a teburin. A al'adarmu ba mai zuba wa kansa, kuma ƙarami ke fara zuba wa babba, da hannu biyu.

Shugaban tawagarmu, Pyo Man-sik, shekararsa saba'in. Na Arewa, Pyo Jae-dok, arba'in da ɗaya. Jae-dok ya harɗe hannu ya zauna, don an hana shi rusuna wa kowa. Kuma ba a komawa zama sai an ci.

"Yaro, hannun ciwo yake?" in ji tsohon.

"Jamhuriyarmu ba ta da yaya a Kudu, dattijo."

Taliya ta jiƙe ta yi laɓo. Tsohon ya ƙura masa ido.

"Kai Pyo na ina ne?"

"Na Sinchang."

"Mu ma. Daga kakanmu na farko, tsatso na nawa?"

"Na ashirin da huɗu."

Tsohon shi na ashirin da shida ne, wato a lissafin zuri'a jikan Jae-dok ne. Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗauki kwalbar.

Na raɗa masa, "Yallaɓai, 'yan jarida fa."

"Matsa, 'yar Janeba."

Ya rusuna ya zuba da hannu biyu. "Kaka, a sha lafiya."

Jae-dok ya dubi mutanensa, ya dubi masu ɗaukar hoto, ya washe baki ya shanye.

"To, Kaka," in ji tsohon, "jikokinka ruwa ke ci. Waya ɗaya suke roƙo. Ko a Arewa kaka kan sha giyar jika ya sallame shi hannu rabbana?"

Kofin ba ko ɗigo.

"Wane irin jika ne wannan, duk furfura?" in ji Jae-dok.

"Irin wanda aka bari shekara saba'in ba a leƙa ba."

Da la'asar aka sa hannu. Jaridarsu ta ce Kudu ta durƙusa. Tamu ta ce Arewa ta sauko.

A watan Yuli wayar ta buga, aka rufe ƙofofin magudanar ƙauyenmu kafin ruwa ya iso. Babana ya kira ni.

"An ce kina wurin. Me kika yi?"

"Na jera kujeru, Baba."

"Shekara shida," ya ce. Ya kashe wayar.