Rigar da Injin Ya Ci Hannunta

Ni na fara ganin injin nan a duk Nguru, tun yana cikin akwati a tashar jirgin ƙasa, kafin ma manajan kamfanin man gyaɗa ya sa shi a ido. Da kafaɗar nan aka sauke shi. Yaran yanzu suna cika baki da injin da kwamfuta ke tuƙawa. To, kakansa na yi wa aiki, bayan yaƙin basasa kaɗan. Doguwar takarda mai huje-huje ake zura masa, ya karanta, ya sassaƙa ƙarfe shi kaɗai.

Festus ne makanikensa, ni nake share ɓarɓashin ƙarfe. A gefen teburinsa akwai wani kai mai haƙora da ke damƙe sandar da ake yanka. Na san halinsa sarai: ya juya kaɗan, ya tsaya. Da ya tsaya sai in zura hannu in share.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci ban cire babbar rigata ba. Ta saƙi ce, goggona ta aiko mini daga garinmu Gashua, ko bijimi ya ja ta ba ta yagewa.

Festus ya ce, "Ibram, yau sandar matse gyaɗa muke yi, mai murɗaɗɗen tsagi. Kan nan ba zai tsaya ba fa, juyi zai yi ta yi. Cire rigar nan."

Na ce, "Ni za ka koya wa halinsa? Tafi ka ɗebo man injinka."

Ya fita.

Ashe juyin a hankali ne, har ido ya ɗauka ya tsaya. Hannu kuwa ya saba. Na miƙa na dama, sai na ji an riƙe ni.

Haƙoran sun kama bakin rigar suna naɗewa. Ba fizga, ba gaggawa. Na ja, saƙi ya ƙi yagewa. Jan maɓallin da ke kashe shi yana can ɗaya gefen, na miƙa ƙafa ban kai ba. Na ƙwala wa Festus kira, ƙarar injinan matse gyaɗa ta haɗiye muryata. Ga wuƙar injin tana feshin ƙarfe, ga yatsuna suna matsawa gare ta. Na fara salati.

Sai na tuna wuƙata da ke ɗaure a damtsen hagu. Hannun da ke zare ta shi aka kama. Na ture rigar da haɓa, na ciji ƙotar, na zaro ta da haƙori, na karɓa da hagu. Ina yanka saƙin nan daga kafaɗa na ji wani sanyi a ƙaramin yatsana. Na faɗi da baya.

Festus ya shigo a guje ya danna maɓallin, ya yo kaina.

"Yesu! Ibram, kana da rai?"

"Ka taɓa jin gawa tana zagi?" na ce, amma sai da aka ɗauke ni.

Mai musu ya zo Gashua ya tambayi gidan Ibram. Rigar tana nan da hannu ɗaya. In ya iya yaga ta, ya kira ni maƙaryaci. In ya kasa, ya miƙo hannu mu gaisa, ya ƙirga yatsun da kansa.