Maɓallin Rigar Likita

"Sai dai a cire gaba ɗaya," in ji likita, ya rufe hoton ƙashin da ke gabansa. "Kin gane?"

"Na gane," ta ce.

Ba ta gane komai ba. Tun da ya fara bayanin ƙafar mijinta idonta ya faɗa kan maɓallin rigarsa da ke reto a zare ɗaya. Maɓalli ya kai ta ga kekenta na ɗinki, keke ya tuna mata rigar da ba ta gama ba, daga can ta shiga tunanin ko ta kashe dutsen guga. Kafin ta dawo, magana ta yi nisa, wutsiyarta kawai ta kama.

A cire me?

Ta fito baranda. Mijinta direban babbar mota ne. Bara ya karye, aka yi masa aiki, yanzu ƙafar ta kumbura kamar tulu. In aka yanke ta, da me zai taka birki?

Rediyo ake kiranta tun tana yarinya, don kafin ka kama tasha ɗaya ta koma wata. Sai da ta girma wata likita ta gaya mata abin yana da suna, ADHD, wato hankalin da ba ya zama wuri guda. Ko ranar ma rabin bayanin ta ji.

A ɗakin jinya ta tarar da mijin a kwance, surukarta zaune a gefen gado.

"Me ya ce?" Inna ta tambaya.

"Ya ce... Inna, mutumin kirki ne. Yana kama da mai gyaran fankarmu, wanda matarsa ta haifi tagwaye. Af, ashe ban je barka ba! Da ma atamfar da zan kai..."

"Rediyo," mijin ya ce a hankali. "Ƙafata."

Da a gida ne, da dariya zai yi ya ce a murɗo masa tashar da aka fara. Yau ba dariya a fuskarsa, ya damƙe zanen gado da hannu biyu.

"Ya ce za a cire."

Inna ta dafe ƙirji ta hau salati. Mijin ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido, yana motsa su ɗaya bayan ɗaya.

"Daga ina?" ya ce. "Gwiwa?"

"Ban... Ina zuwa."

Da gudu ta koma ofishin likita. Ta kutsa gaban masu jira suna ta mita, ta tura ƙofa ko sallama babu.

"Likita, don Allah ka yi haƙuri. Ɗazu ban ji komai ba. Kaina ne, ba ya tsayawa. Ka maimaita a gajarce, kuma ka rufe maɓallin nan da hannunka."

Ya dube ta, ya dubi rigarsa, ya ɗora tafinsa a kai.

"Ƙarfen da aka sa masa bara ne ya kawo ciwon. Ƙashi ya riga ya haɗe. Ƙarfen za mu cire."

"Ba ƙafar ba?"

"Wa ya ce ƙafa?"

Sai ta zube kan kujera, hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace mata. Likita ya ci gaba da magana, ita kuwa tana ta gyaɗa kai tana godiya.

Duk tsawon barandar tana maimaitawa, kada ya zube a hanya: ƙarfe, ba ƙafa ba. Wata mata ta wuce da mayafi mai kyan aiki, Rediyo ta runtse ido don kada ya ɗauke mata hankali, har ta yi karo da bango.

"Ƙarfe ne!" ta faɗa tun daga bakin ƙofa. "Ƙarfen za a cire, ƙafa tana nan!"

Mijin ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza. Inna ta sauke numfashi, ta daɗe tana hamdala, sannan ta share ido da bakin mayafi.

"To madalla, 'yar nan. Yaushe za a yi aikin?"

Rediyo ta buɗe baki. Ta rufe. Ta ajiye jakarta a kan gado, ta juya ta nufi ƙofa.