Sanda ta Goma Sha Biyar

Ranar ƙarshe ta gasar golf ce, ana yayyafi tun asuba. Kwana uku muna bugawa, sunana yana na tara a jikin allo. Mutum goma sha biyar na sama su ne za a ba katin buga gasar baɗi. Wanda ya faɗo ƙasan layin nan, shi da golf sai dai kallo daga bayan igiya. Ni shekara uku ke nan ina riƙe da katin da ƙyar, kuma yayana ya riga ya gaya mini cewa idan na rasa shi bana, akwai benci yana jirana a shagonsa na walda.

Kawu ne yake ɗaukar mini jaka. Ƙanin mahaifiyata ne, shekararsa talatin yana ɗaukar wa mutane jakar sanduna, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Yana da al'ada guda: kafin bugun farko sai ya ɗora yatsa a kan kowace sanda yana ƙirgawa a bayyane, ɗaya, biyu, har goma sha huɗu. Doka ce, ba a shiga fili da fiye da sha huɗu. Amma ran nan motar hayarmu ta tsaya a hanya, muka iso ana kiran sunana, jakar kuma a rufe take da leda saboda ruwa. Kawu yana zura hannu ta ƙasan ledar yana zaro abin da na nema, bai ƙirga ba.

A cikin ramuka goma sha takwas da ake bi ana jefa ƙwallo, ramin farko da na biyu sun tafi lafiya. Abokin buguna wani ne da muke kira Dogo, shi yake rubuta mini bugu a kati, ni ina rubuta masa.

"Bahago, yau hannun naka da zafi," in ji Dogo. "Me aka ba ka da safe? Ka sammana."

"Ka yi aure, kai ma a ba ka," na ce.

Muna isa wajen fara rami na uku ruwa ya ɗauke. Dogo ya yi gefe yana goge tabarau. Kawu ya yaye ledar, sai na ga ya tsaya cak. Yatsansa yana tafiya a kan sandunan, leɓensa yana motsi. Ya gama ya sake farawa.

"Kawu, lafiya?"

"Zo nan, ɗan nan." Muryarsa ta koma can ciki. "Wannan ta yashi, ba jiya ka cire ta ba?"

Na leƙa. Ina da sanduna biyu na fidda ƙwallo daga yashi, tsohuwa da sabuwa. Jiya da yamma na zaɓi sabuwar, na jingine tsohuwar a bayan ƙofar ɗaki. Ga ta nan a jaka, an ma goge ta tana ƙyalli. Nan take na tuna mai ɗakina da safe, tana shara ina wanka, ta ɗaga murya ta ce, "Kai da mantuwa! Wata rana kanka za ka bari a gida." Na yi dariya a lokacin, na zaci hula take nufi.

Bugu biyu ake ƙara wa mutum a kan kowane rami da ya buga alhali sandunansa sun wuce ƙima, a golf kuwa mai ƙarancin bugu shi ke gaba. Rami biyu, bugu huɗu. Tsakanina da layin kuwa bugu uku ne kacal.

Kawu ya matso har ina jin numfashinsa. Ga tafki a hagunmu, ciyawar bakinsa ta kai gwiwa.

"Ka je ka buga," ya ce. "Kada ka waiwayo. Ni zan tsaya ɗaure takalmi." Idonsa yana kan tafkin.

"Kawu."

"Ba ka buga da ita ba! Ko taɓa ta ba ka yi ba. Wa ka cuta? Ni ne ban ƙirga ba, laifin a wuyana. Ka bar ni da Allah."

"Kai ne fa ka hana ni abinci ranar da na ture ƙwallo da ƙafa, ina ɗan shekara goma."

"Lokacin nan ba ka da mata! Ba ka da komai sai baki." Idonsa ya kawo ruwa. "Don girman Allah, ɗan nan. Shekara talatin ban taɓa roƙon kowa a filin nan ba."

Gaskiya na so. Ƙafata har ta fara juyawa wajen bugu. Na hango bencin yayana da tartsatsin wuta, na hango yatsuna bayan shekara guda a wurin. Amma a ƙarshen wasa dole in sa hannu a ƙasan katin cewa abin da ke ciki gaskiya ne, kuma Dogo zai sa nasa a gefen nawa.

"Dogo," na kira. "Ɗaga wa alƙali hannu. Sandunana sha biyar."

Dogo ya sa tabarau ya dube ni, ya dubi Kawu. "Kai, Bahago. Kai, kai." Bai sake wata zolaya ba har muka tashi.

Alƙali ya zo a ƙaramar motarsa, ya ƙirga, ya ce bugu huɗu. Ya ce a juya sandar kanta ƙasa a jaka, kada a ƙara taɓa ta. Ya yi mini sannu ya tafi.

Daga nan ban san irin wasan da na yi ba. Inda hankali ya ce a kewaye ruwa, ni sai in tsallaka ta kai. A rami na shida na ci riba ɗaya, a na takwas na ƙara. A na goma sha ɗaya na afka cikin bishiyoyi na mayar da guda. Bakina ya bushe, ina shan ruwa kamar ina zuba wa rairayi. Kawu ba ya cewa komai sai nisa da iska: "Taku ɗari da arba'in, iska daga dama." Duk rami sai na tarar da yatsansa a kan sandunan yana ƙirga, abin da ƙirga ba za ta ƙara gyarawa ba.

A rami na ƙarshe mai kula da allo ya nuna mana yadda ake ciki. Sai na jefa da bugu uku in shiga sha biyar. Huɗu, na fita.

Na farko ya sauka tsakiyar fili. Na biyu ya faɗi taku biyar daga tutar ramin. Na durƙusa ina duban kwanciyar ciyawa.

"Ta ɗan gangara hagu," in ji Kawu. "Faɗin yatsa biyu. Kada ka ji tsoronta."

Na buga. Ƙwallon ta tafi kamar ta san hanya, ta hau bakin ramin, ta zagaya rabinsa, ta fito ta tsaya. Mutanen bayan igiya suka yi wani irin nishi tare.

A tantin alƙalai na duba katin rami bayan rami, na sa hannu. Dogo ya sa nasa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na zo na goma sha shida.

Na tarar da Kawu a bakin hanya zaune a kan dutse, jakar a jingine da ƙafarsa.

"Mai ɗakinka ta kira wayata sau uku," ya ce. "Me zan ce mata?"

"Ka ce hannuna ne ya yi rawa a ƙarshe."

"Za ta ji a bakin mutane."

"To ta ji a can. Ba a bakinmu ba, ba yau ba."

Ya yunƙura zai saɓa jakar, sai na riga shi kama igiyar. Ya ja, na ja.

"Sake mini, ɗan nan. Ɗan wasa ba ya ɗaukar jaka."

"Ai shi ya sa, Kawu," na ce.

Ya dube ni, sannan ya saki. Na saɓa ta, muka gangara wajen da motoci suke tsayawa, shi a gaba ni a baya.